Bitar kwana biyu kan kariya daga radiyeshan ta isa ga ma'aikacin asibiti ko na kamfani?

Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ce ta turo tambaya, tace an maida ita tiyata inda ake amfani da na'urar eksire ɗin nan mai siffar harafin C wadda muke ce wa si'am, sai kuma aka yi dace ƙaninta ya samu aiki a matsayin mataimaki a wani kamfani mai ɗaukar hoton walda a jikin bututu. Ita an yi mata bita ta kwana biyu an bata satifiket, shi kuma an ce masa zai koya a bakin aiki. Tana so ta sani ko hakan ya isa, ko za su iya yin kwas ɗaya su biyun, sannan wai da gaske ne aikin yana hana haihuwa.

Toh 'yar'uwa, naki kwana biyun zai iya isa a matsayin somin-taɓi, in har abin da aka koyar ya shafi aikinki kuma an shiga da ke cikin ɗakin an nuna miki da mita, wato na'urar auna radiyeshan, a hannu, ba wai an zaunar da ku a aji ana ta haska rubutu a bango kuna gyangyaɗi ba. Nashi kuwa sam bai isa ba, kuma gaskiya shi nafi jiye wa tsoro ba ke ba, zan zo kan dalili. Na daɗe ina wannan aikin na duba kariya da koyar da ma'aikata, kuma abin da na fahimta shine mutanen asibiti tsoronsu ya fi haɗarinsu yawa, mutanen fili kuma haɗarinsu ya fi tsoronsu yawa, horo mai kyau shine wanda zai daidaita wa kowa nashi.

Matsalar radiyeshan ɗaya ce, kuma daga ita komai ya taso. Ba ya wari, ba ya ƙara, ba a ganinsa, ba a jin zafinsa a lokacin da yake ɓarna. Mai aikin wuta in ya yi kuskure wuta za ta ja shi nan take ya gane, mai walda in ya cire gilashi idonsa zai gaya masa a daren, amma wanda ya tsaya kusa da sos, wato ɗan sinadarin da ke fitar da radiyeshan, a buɗe zai iya gama aikinsa ya yi wanka ya koma gida yana raha, sai bayan awanni amai ya fara, ƙuna kuma sai bayan kwanaki ko makonni take fitowa. Kenan jikinki ba zai taɓa koya miki wannan aikin ba, shiyasa zancen “zai koya a bakin aiki” yake bani haushi. Na farkon da suka koya a bakin aiki ai mun san yanda suka ƙare. Röntgen ya gano eksire a 1895 a Jamus, kafin a cika shekara 10 Clarence Dally mai taimaka wa Edison ya mutu a 1904 bayan an yanke masa hannuwa biyu saboda kansa, 'yan matan da ke shafa fentin radiyam a fuskar agogo a Amurka a shekarun 1920 suna lasar bakin buroshi don ya yi tsini har ƙashin muƙamuƙinsu ya riƙa ruɓewa, ita kanta Marie Curie ciwon lalacewar ɓargo ne ya yi ajalinta a 1934. Daga irin wannan ne aka kafa kwamitin duniya na kariya daga radiyeshan da yau ake kira ICRP a 1928, kuma kusan duk dokokin ƙasashe kan iyakar abin da ma'aikaci zai ɗauka daga shawarwarinsa suke fitowa, ta hannun hukumar makamashin nukiliya ta duniya IAEA da ke Biyana wadda aka kafa a 1957.

Bari in baki lambobin da duk wanda ya fito daga bita ya kamata ya iya faɗa ko an tashe shi daga barci. Ma'aunin da muke lissafin abin da jiki ya ɗauka shine sibat, amma a aikin yau da kullum milisibat muke cewa, wato ɗaya bisa dubu. Kowane ɗan adam, ko bai taɓa shiga asibiti ba, yana ɗaukar kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da iskar radon da abin da ke saukowa daga sama, wannan matsakaicin duniya ne, wani wuri ya fi wani. Iyakar ma'aikaci ita ce milisibat 20 a shekara in aka yi matsakaicin shekara 5, wato 100 a shekara 5, kuma kar ya wuce 50 a shekara ɗaya. Mutumin gari wanda ba ma'aikaci ba milisibat 1 ne a shekara. Fata da hannu da ƙafa 500. Ƙwayar ido a da 150 ne, sai a 2011 ICRP ta zaftare shi zuwa 20 saboda an gano yanar ido tana kama mutane a ƙasa da yanda ake zato, musamman likitocin zuciya masu tsayuwa gefen na'ura duk yini. In wanda ya koyar da ku har yanzu 150 yake cewa, toh takardunsa sun tsufa. Amurka ita har yanzu 50 take amfani da shi a shekara ga jiki gaba ɗaya, don haka ki duba dokar ƙasar da kike aiki, kar ki ɗauko daga littafin wata ƙasa.

Amma fa iyaka ba kaso ba ce da aka raba miki wai sai kin cinye. Ma'aikaciyar tiyata mai bin ƙa'ida galibi ba ta ko kusantar 20 ɗin, in na ga bajin wani, wato ɗan abin da ake maƙalawa a ƙirji yana rubuta abin da mutum ya ɗauka, ya nuna milisibat 2 ko 3 a wata ɗaya ba zan ce ai bai kai iyaka ba, zan je in tsaya in ga yanda yake aiki. Wannan shine abin da muke kira ALARA, ma'ana a rage iya yanda za a iya ragewa cikin hankali. Dalili kuwa illar radiyeshan kala biyu ce. Akwai wadda sai an wuce wani mataki take faruwa, kamar jan fata a wajen gire 2 (gire ma'aunin abin da wajen da aka haska ya sha ne, a eksire kusan daidai yake da sibat), zubewar gashi a wajen gire 3, yanar ido a wajen rabin gire, in kuma jiki gaba ɗaya ya ɗauki gire 4 zuwa 5 a lokaci ɗaya ba magani toh kusan rabin mutane ba sa tashi. Akwai kuma ta kansa wadda muke ɗauka ba ta da wani mataki, duk abin da ya ƙaru yana ƙara yiwuwar kaɗan, ana ƙiyasta kusan kashi 5 cikin ɗari a kan kowane sibat ɗaya cikakke. Ta farko ana hana ta kwata-kwata, ta biyu ragewa ake yi.

Nan ne amsar zancen haihuwa take. Rashin haihuwa yana cikin kala na farko. A namiji sai maraina sun ɗauki kusan kashi ɗaya bisa goma na gire a lokaci ɗaya kafin a samu raguwar maniyyi na ɗan lokaci, na dindindin kuwa sai wajen gire 6, a mace sai wajen gire 3 a ƙwan mahaifa. Ke da kike bayan rigar dalma kina samun ɗan abin da ya watso daga jikin majinyaci, ko za ki shekara 30 a tiyata ba ki kama hanyar nan ba. Ciki kuma daban ne, da zarar kin san kina da shi ki sanar a rubuce, daga ranar ana so abin da jaririn zai ɗauka kar ya wuce milisibat 1 har ki haihu, kuma ƙa'idar IAEA ta faɗa ƙarara cewa sanar da ciki ba hujja ba ce ta raba mace da aikinta, gyara mata yanayin aikin ake yi. Na ga mata suna ɓoye ciki wata uku huɗu don tsoron a canza musu waje, wannan laifin masu horo ne da ba su yi bayani ba.

Yanzu abin da ya kamata bitarki ta ƙunsa. A tiyata ba bututun eksire ne babban abin da ke jefo miki radiyeshan ba, majinyacin ne, hasken yana shiga jikinsa ya watso ta ko'ina kamar in kin watsa ruwa a dutse, kuma ya fi watsowa ta gefen da ya shiga. Shiyasa ake so bututun ya kasance a ƙarƙashin gado mai karɓar hoton a sama, don abin da ya watso ya tafi ƙasa wajen ƙafafu inda labulen dalma yake ba wajen fuska da ido ba, in kuma aka juya si'am ɗin a kwance toh ki tsaya ɓangaren mai karɓar hoto ba ɓangaren bututu ba. Wallahi wannan jimlar kaɗai in aka koya wa mutum ta fi masa rabin abin da ake cika bita da shi na zanen ƙwayar zarra. Sai nisa, in kin ninka nisanki sau biyu abin da ke isowa gare ki ya koma kashi ɗaya bisa huɗu, sau uku ɗaya bisa tara, wato taku biyu baya in ba a buƙatarki a bakin gado ya fi miki ƙarin riga. Sai lokaci, likita ya ɗauke ƙafarsa daga feda in ba kallon allo yake ba, a yi amfani da hoton ƙarshe da na'ura ta riƙe, a rage yawan hotuna a daƙiƙa, a tsuke hasken daidai wajen da ake buƙata, kuma a yi magana kafin a taka don kowa ya sani. Ke ma'aikaciyar jinya kina da ikon ki ce a dakata akwai wanda bai sa riga ba, in bitar bata baki wannan ƙarfin gwiwar ba akwai saura.

Rigar dalma akwai mai kaurin milimita 0.25, da 0.35, da 0.5, mai 0.5 ɗin tana tare fiye da kashi 90 na abin da ya watso a ƙarfin eksire na asibiti. A rataye ta ake yi ba a naɗewa, don naɗewa yana tsaga dalmar ciki ba tare da an gani ba, kuma a kalla sau ɗaya a shekara a ɗauki hotonta a duba tsaga. Ki haɗa da abin wuya saboda maƙoshi, da gilashin dalma in kina yawan tsayuwa kusa. Da an kashe na'ura shikenan babu sauran komai a ɗakin, ba ya maƙalewa a bango ko a kaya ko a jikin majinyaci, ba sai an buɗe taga wai ya fita ba. MRI da sikanin ciki na sauti kuma ba su da irin wannan radiyeshan ɗin kwata-kwata, haɗarin MRI na maganaɗisu ne, wani karatu ne daban.

In da a sashen maganin nukiliya aka kai ki da labarin ya canza, don can ruwa ne ake ɗurawa a sirinji a yi wa mutum allura, majinyacin da kansa ya zama sos mai tafiya, kuma abin zai iya zubewa a benci ko ya shiga jiki ta baki ko ta rauni. Can sai an koya miki bambancin haskawa da gurɓata, da yanda ake share abin da ya zube daga gefe zuwa tsakiya, da tsawon lokacin da kowane sinadari ke ɗauka kafin ƙarfinsa ya koma rabi, teknishiyam-99m awa 6, fulorin-18 minti 110, ayodin-131 kwana 8. Rigar dalmar da ke miki aiki a tiyata kusan ba ta tsinana komai a gaban fulorin-18. Kin ga ko a cikin asibiti ɗaya ma horon ba ɗaya ba ne, balle a haɗa ki da ƙaninki. Tushen ɗaya ne, kwana ɗaya ko biyu na farko za ku iya zama aji ɗaya, daga nan kowa ya kama gabansa.

Sai baji, wato dosimita ɗin da ake maƙalawa a ƙirji. Baji ba laya ba ce, ba ya tare komai, shaida ne kawai yake rubuta abin da kika ɗauka a karanta bayan wata ɗaya ko uku. In ɗaya aka baki ki tambayi jami'in kariya ko a ƙarƙashin riga ko a sama dokar wajenku tace, masu yawan aikin si'am an fi so su sa biyu, ɗaya a ciki ɗaya a wuya ta waje don a ƙiyasta na ido. Ba a aron na wani, ba a barinsa a jikin riga a rataye cikin ɗakin, ba a shiga da shi in ke ce za a ɗauka hoto a matsayin majinyaciya. Na taɓa zuwa wani waje na duba sakamakon shekara guda na ga kowa sifili sifili har da wanda yake tsaye gefen na'ura kullum, shugaban sashen yana ta murna, ni kuwa na ce a buɗe min durowa, ga bajojin nan a jere cikin ledarsu ko ɓarewa ba a yi ba. Kuma haƙƙinki ne a nuna miki sakamakonki, ba alfarma ba ce.

Toh mu dawo kan ƙaninki, nan ne zan daɗe. Masu hoton walda galibi suna amfani da iridiyam-192, wani lokaci kobal-60 in ƙarfen mai kauri ne, ko seleniyam-75. Sos ɗin ɗan mitsitsi ne a cikin kwanson ƙarfe a bakin wata 'yar guntuwar waya, yana zaune cikin akwati mai nauyi da suke ce wa kyamara, ana murɗa hannu daga nesa waya ta tura shi cikin tiyo ya je bakin walda, in lokaci ya cika a murɗo shi ya dawo gida a kulle. Bambancinsa da na'urarki shine shi ba shi da makunni. Ba a kashe shi. Sabon sos na iridiyam mai ƙarfin kuri 100, wato terabekarel 3.7, in yana waje yana bada kusan milisibat 480 a awa a nisan mita ɗaya, yi lissafi ki gani, cikin minti biyu da rabi mutum ya cinye na shekara guda. A mita 10 ya sauko wajen milisibat 5 a awa. In kuwa aka ɗauke shi da hannu, a nisan santimita ɗaya, ana maganar fiye da sibat ɗaya ne duk daƙiƙa a wajen da ya taɓa. Ƙarfinsa yana komawa rabi duk kwana 74, amma ko tsohon da aka ce ya mutu don ba ya fidda hoto da sauri ya isa ya cinye yatsun mutum. Rigar dalma irin taki kuma a nan wasan yara ce, sai kusan milimita 5 na dalma kafin a rage hasken iridiyam zuwa rabi, kobal kuwa sai wajen 12, don haka kariyarsa nisa ce da lokaci da kolimeta mai tsuke hasken da igiyar shinge da kuma mita.

Mita ɗin nan ita ce ransa. Ƙa'idar da ta fi kowace ƙa'ida a wannan sana'a ita ce bayan kowane harbi, wato duk fitar da sos don ɗaukar hoto, kowanne ɗaya ba tsallakewa, ka tunkari kyamara da mita a kunne a gabanka, ka zagaya ta, ka bi tiyon har ƙarshe, ka tabbatar sos ya koma. Ba ka yarda da cewa ai na ji ya shige, ba ka yarda da ƙidayar murɗawa. Kusan duk haɗarin da na karanta rahotonsa a wannan fanni in kin bi diddigi za ki tarar wannan matakin aka tsallake, ko mitar batirinta ya mutu, ko an barta a mota, ko an kashe ƙararrawar ƙugu don tana damun mutane, kuma galibi da dare ne ana sauri ɗan kwangila yana jiran a gama a sa layi aiki. A Yanango ta ƙasar Peru a watan Fabrairun 1999, a wajen aikin tashar wutar lantarki ta ruwa, sos na iridiyam ya fita daga kyamara ba a sani ba, wani mai walda ya tsince shi ya sa a aljihun wandonsa na baya ya ci gaba da aiki awanni har ya tafi da shi gida, sai cikin dare aka farga, ƙarshe dai ƙafar aka cire gaba ɗaya, matarsa ma ta samu ƙuna. A Gilan ta Iran a 1996 kusan haka aka yi, wani ma'aikaci ya tsinta ya sa a aljihun ƙirji. Ki lura duka biyun ba masu hoton ba ne, ma'aikatan gefe ne da ba wanda ya taɓa nuna musu kamannin abin, shiyasa nake cewa ko masu walda da leburori da masu gadi suna buƙatar ko da awa ɗaya ce ta wayar da kai, a nuna musu na bogi su riƙe su gani, a ce in kun ga irin wannan a ƙasa ku ja da baya ku kira mu.

Kar ki ɗauka mutanen asibiti sun tsira daga wannan halin. A garin Indiana na jihar Fensilbeniya a 1992 ana yi wa wata tsohuwa maganin kansa da sos na iridiyam da ake turawa cikin jiki, wayar ta karye sos ya zauna a jikinta, ƙararrawar bango ta nuna akwai radiyeshan, ma'aikata suka ce ai ta saba yin haka, ga mita a ajiye ba wanda ya ɗauka ya duba, aka sallame ta da abin a jikinta, ta rasu cikin 'yan kwanaki, ba a gane ba sai da sharar ta tada na'urar gwaji a wajen zubar da shara. A San Hose ta Kosta Rika a 1996 kuma wajen auna sabon sos na kobal aka karanta minti 0.3 a matsayin daƙiƙa 30 alhali daƙiƙa 18 ne, majinyata 115 aka ba fiye da abin da aka rubuta musu. Duk waɗannan mutane ne masu takardu. Takarda ba ta hana su ba, abin da ya ɓace shine ɗabi'ar tsayawa a duba, da mutum na biyu da zai sake lissafin da kansa.

Ga abin da za ki sa ƙaninki ya tambaya kafin ya taɓa hannun murɗawa. Kamfanin yana da lasisi daga hukumar kula da radiyeshan ta ƙasar? Wanene jami'in kariya, kuma ana samunsa a waya ƙarfe biyun dare? Za a bashi bajinsa na kansa da sunansa, da dosimita mai nuna lamba nan take, da ƙararrawar ƙugu? Mitar yaushe aka yi mata gwajin daidaito na ƙarshe, takardar tana manne a jikinta? Akwai kayan gaggawa a motar, dogon matsefi mai riƙo daga nesa da buhunan dalma da tukunyar dalma? Don ki samu abin kwatance, dokar Amurka ta ce mai hoton masana'antu sai ya yi a kalla awa 40 na karatun kariya da wata biyu na aiki ƙarƙashin kulawa sannan ya ci jarrabawar shaida, a fili kuma dole mutum biyu ne ba ɗaya ba, mita a gwada ta duk wata 6, sos a duba ko yana yoyo duk wata 6, bitar tuni kuma duk shekara. Wasu ƙasashen lambobinsu sun ɗan bambanta amma tsarin kusan haka yake. Kuma kar a ruɗe shi da satifiket ɗin matakin 1 ko 2 na ISO 9712, wannan shaidar iya ɗaukar hoto ce da karanta aibin walda, ba ita ce ke tsaya wa horon kariya ba, biyun ake so. Mataimaki ba ya harbi shi kaɗai, in aka bar shi da kyamara oga ya tafi mota ya kwanta, ya ajiye aikin.

Sannan a koya masa abin da zai yi ranar da sos ya maƙale, don wataran zai maƙale, tiyo ya lanƙwashe ko wani ƙarfe ya faɗo a kansa ko mahaɗin waya ya ɓalle. Abin da ake so daga mataimaki kaɗan ne, ya ja baya, ya faɗaɗa shinge da mita, ya hana kowa shiga, kar ya bar wajen ba mai tsaro, ya kira jami'in kariya. Ba gwaninta, ba gyara da hannu, ba “bari in ɗan taɓa in gani”. Sos da ke kwance a cikin shinge ba wanda yake kusa ba ya cutar da kowa ko zai kwana a nan, ana da lokacin zama a yi lissafi a gwada da na bogi kafin a shiga. Abin da ke sa mutane su yi gaggawa tsoron oga ne da tsoron a kore su, don haka kamfanin da ke hukunta wanda ya kawo rahoton kuskure yana koya wa ma'aikatansa ɓoyewa ne.

Ɓangaren ajiya da sufuri ma yana cikin karatun, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A Goyaniya ta Burazil a 1987 'yan gwangwan sun shiga wani asibitin kansa da aka ƙaura aka bar na'ura a ciki, suka fasa kwanson siziyam-137, garin ciki yana wani haske shuɗi a duhu mutane suka yi ta rabawa 'yan'uwa suna shafawa a jiki, mutum 4 suka mutu har da yarinya 'yar shekara 6, aka auna mutum kusan 112,000, aka samu 249 da gurɓata. A Samut Prakan ta Tailan a 2000 kobal-60 ne ya faɗa hannun 'yan gwangwan, mutum 3 suka mutu. Irin haka ne ya sa a 2007 aka fito da ƙarin alama ja mai ƙoƙon kai da mutum yana gudu, don an gano mutane da yawa ba su san ma'anar alamar nan mai kama da farfela uku ba. Ko a Janairun 2023 wani ɗan kwanson siziyam mai milimita 6 da 8 ya faɗo daga mota a Yammacin Ostireliya a hanya mai tsawon kusan kilomita 1,400, sai da aka yi kwanaki ana bin titi da na'urori kafin a same shi. Wannan daga na'urar aune-aune ce ta ma'adinai, irin waɗanda ke manne a jikin tankuna da bututu a masana'antu shekara da shekaru har a manta akwai sos a ciki, masu gyara su zo su kwance ba tare da an rufe tagar ba.

Game da zaɓen kwas, kar sunan wajen ko kyan satifiket ya ɗauke miki hankali. Ki fara tambaya ko hukumar ƙasar ta amince da masu bada shi, don in bata amince ba takardar ado ce. Ki tambaya ko za a baki mita ki riƙe ki auna da kanki, ki ga allura tana sauka in kin ja baya, don wanda ya gani da idonsa sau ɗaya ba ya mantawa. Ki tambaya ko akwai jarrabawar da ake iya faɗuwa, kwas ɗin da kowa ke ci ba kwas ba ne. Na intanet yana da amfani wajen karatun tushe, IAEA ma tana da kayan koyo da yawa a shafinta musamman na ɓangaren asibiti, amma ba a koyon ceto sos a waya. In kuma wataran ɗayanku yana so ya zama jami'in kariya ko ya shiga aikin hukuma, IAEA tana da dogon kwas na bayan digiri mai ɗaukar wata biyar zuwa shida da ake yi a cibiyoyin yanki, kamar Gana da Turanci, Maroko da Faransanci, Ajantina da Sifaniyanci, da Malesiya, ta hannun hukumar ƙasa ake nema.

Abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa, duk sanda aka kawo sabuwar na'ura ko aka canza manhajarta ko aka canza miki sashe, horon baya bai wadatar ba sai an ƙara, ko da satifiket ɗinki bai ƙare ba. Kuma ku biyun ku buɗe fayil tun yanzu, duk sakamakon baji da ya fito ku nemi kwafi ku ajiye tare da takardun bita da na gwajin lafiya, don in kun canza wajen aiki sabon wajen yana buƙatar sanin abin da kuka riga kuka ɗauka cikin shekara 5 ɗin nan, kuma kamfanonin kwangila suna rufewa su tafi da takardun mutane. Shi ƙanin naki ki ce ya turo miki hoton bajinsa da sunansa a jiki da hoton takardar da ke manne a mitarsu, in sati ya zagayo bai samu abin ɗauka ba ki sake min magana.